Tarihin Shehu Hariri, Mai Maƙama, Gwanin Wasa da Haruffa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka:

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu sayar da littattafan addini a kasuwar Sabon Garin Zariya ya ga yadda ake jera Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala a gaba, domin su ne abin neman kowa. Amma in ya tambayi mai rumfa, sai a sauko masa da wani littafi mai kauri wanda ba kowane almajiri ke taya shi ba, watau Maƙamatu Hariri. Shi ne littafin da malaman zaure na birnin Zazzau ke biya wa manyan ɗalibai bayan sun ƙoshi da nahawu, kuma mai karatun adabin Larabci a jami'ar da aka buɗe a Samaru cikin 1962 ba shi da hanyar kauce wa sunan mai shi. Da yawa sun san littafin, amma kaɗan ne suka san mutumin, da wulaƙancin da ya sha a kansa, da tsoron da ya riƙa ji kada wasan da ya yi da haruffa ya zame masa abin tambaya ranar gobe. To, ga tarihinsa.

Sunansa Alƙasim ɗan Ali ɗan Muhammadu, alkunyarsa Abu Muhammad. An haife shi cikin shekara ta 446 ta Hijira, daidai da 1054 ta Miladiyya, a ƙasar Basra ta Iraƙi. Danginsa suna da gonakin dabino a wani ƙauye kusa da birnin, ana ce da shi Mashan, har Ibn Hallikan mai tarihin malamai ya ambata cewa itacen dabinonsa a can ya kai 18,000. Laƙabin Hariri kuwa daga alharini aka ciro shi, saboda sana'ar alharini da aka san gidansu da ita. Ashe ke nan ɗan gidan noma da kasuwanci ne, ya tashi cikin wadata, bai nemi ilmi don ya ci abinci da shi ba.

Basra a zamanin nan ta daɗe da zama uwar nahawu da lugga. A cikinta Halilu ɗan Ahmad ya tsara ma'aunan waƙa na aruli, a cikinta kuma almajirinsa Sibawaihi ya yi karatun da ya haifi babban littafinsa na nahawu. A irin wannan gari Hariri ya yi karatu, ya nutsa cikin kalmomin Larabawan ƙauye da karin maganarsu da waƙoƙinsu na dā. Da ya girma sai aka ba shi aikin sahibul habari, watau shi ke rubuta wa fadar Halifa a Bagadaza labarin abin da ke gudana a lardin Basra. Aikin ya sa kunnensa ya saba da maganar kowane irin mutum, alƙali da attajiri, bafatake da maroƙi.

Masu tarihi sun haɗu a kan cewa Allah bai ba shi kyaun sura ba, ga shi kuma da wata al'ada, in yana tunani sai ya riƙa tsige gemunsa. An ruwaito wani baƙo ya taso takanas don ya ɗauki karatu gare shi, da ya gan shi sai ya raina shi a zuci. Hariri ya gane, ya ce ya ɗauko alƙalami, ya shifta masa baiti biyu masu ma'anar cewa akwai mutumin da jin labarinsa ya fi ganinsa. Baƙon ya ji kunya ya tashi.

Asalin littafin kuwa, ɗansa Abdullahi ya ba da labari cewa wata rana mahaifinsa na zaune a masallacin unguwarsu ta Banu Haram, sai ga wani tsoho ya shigo cikin tsumma, da alamar tafiya a jikinsa, amma da ya buɗe baki sai fasaha ta riƙa zuba. Aka tambaye shi garinsu, ya ce Saruj, alkunyarsa kuma Abu Zaid. Saruj gari ne da yanzu yake kudancin Turkiyya kusa da iyakar Sham, a shekarun nan kuwa mayaƙan Faranji masu ɗauke da gicciye sun auka masa, mutanensa sun watse. Hariri ya koma gida ya rubuta labarin tsohon nan cikin magana mai amsa-amo, aka sa mata suna Haramiyya. Ita ce ta fari a rubutu, ko da yake ita ce ta 48 a jerin littafin. Labarinta ya kai Bagadaza, waziri ya karanta ya ji daɗi, ya nemi a ƙaro.

Ita maƙama, ma'anarta wurin tsayuwa, watau taron da wani zai miƙe ya yi magana. Wanda ya fara wannan salo shi ne Badi'uz Zaman na Hamazan, wanda ya rasu cikin 398 (1008), Hariri kuwa bai ɓoye ba, ya faɗa a gabatarwarsa cewa sawunsa ya bi. A kowace maƙama mutum biyu ne ke haɗuwa. Na fari Harisu ɗan Hammamu, matafiyi mai son magana mai daɗi, shi ke ba da labari. Na biyu Abu Zaid na Saruj, tsoho mai ilmi kamar kogi, amma maroƙi ne kuma mayaudari. Yau ya fito a mai wa'azi, gobe a makaho, jibi a tsohuwa da marayu, ya yi magana har a zuba masa kuɗi, Harisu ya gane shi ya yi masa faɗa, shi kuwa ya yi dariya ya wuce wani gari.

Ya fara aikin wajen shekara ta 495 (1101). Da ya cika arba'in sai ya ɗauka ya tafi Bagadaza. To, a nan ne jarrabawa ta same shi. Waɗansu marubutan birnin, da hassada ta kama su, suka ce ba aikinsa ba ne, na wani malamin Magrib ne da ya rasu a Basra takardunsa suka faɗa hannun Hariri. Waziri ya kira shi zauren aiki, ya ba shi takarda da tawada, ya yanka masa abin da zai rubuta a kai. Bawan Allah ya koma gefe ya zauna, ya daɗe yana juya alƙalami yana tsigar gemu, ko kalma ɗaya mai kyau ba ta zo ba. Ya tashi cikin kunya, mawaƙa suka yi masa zambo, suna cewa fasaharsa a Mashan take zaune, ba ta iya tafiya. Bai tsaya jayayya da kowa ba. Ya koma Basra, hankalinsa ya kwanta, ya rubuta goma sababbi ya aika, ya ba da hanzari cewa kwarjinin fada ne ya ɗaure masa harshe. Da aka gwada goman nan da arba'in na fari aka ga saƙa ɗaya ce, sai bakin masu zargi ya mutu. Cikin 504 (1111) aka karanta hamsin ɗin a gabansa a Bagadaza, manyan malamai na saurare, kuma kofen da aka rubuta shaidar wannan zama a jikinsa yana nan a ajiye a gidan littattafai na Alƙahira. An ruwaito cewa kofe 700 ya sa wa hannu da kansa kafin ya rasu. Malamin da aka taɓa yi wa tambaya cikin taro abin da ya sani sarai ya ɓace masa, ya ɗauki haƙuri daga wannan.

Yanzu sai a duba irin wasan da ya yi. Haruffan Larabci 28 ne, goma sha biyar masu ɗigo, wanda 'yan makarantar allo ke kira ruwa, goma sha uku marasa ɗigo, su ne alif, ha ƙarami, dal, ra, sin, sodi, ɗa mai hannu, ain, kaf, lam, mim, ha babba, da wau. A maƙama ta 28 Abu Zaid ya hau mumbari a Samarƙandu ya yi huɗubar Juma'a cikakkiya, da godiya da salati da gargaɗi, ba harafi ɗaya mai ɗigo a ciki. A ta 6 ya shifta wasiƙar neman taimako, kalma ɗaya duk haruffanta masu ɗigo, mai bi mata ba ɗigo ko ɗaya, haka har ƙarshe. A ta 26 ya ƙara matse kansa, harafi mai ɗigo, harafi marar ɗigo, suna bin juna kamar zanen jikin zabuwa. Wanda ke ganin abin da sauƙi ya ɗauki allo ya gwada da Hausa. Ga misali, a rubuta da ajami: kada ka rasa allo, kada ka rasa malam. Kalma takwas ke nan ba ɗigo. To, a yi ƙoƙarin kai su arba'in, ba ba, ba ta, ba nun, ba ya, ma'ana kuma ba ta karye ba, sa'an nan a san nauyin huɗuba guda.

Sai wasan juyawa. A maƙama ta 16 waɗansu abokai suna zaune a masallaci bayan magariba, suka shirya kowa ya kawo maganar da in an karanta haruffanta daga ƙarshe zuwa fari za ta fito yadda take. Na fari ya kawo mai kalma uku, na biyu huɗu, har aka zo kan Harisu da bakwai, ya kasa. Abu Zaid ya shigo neman sadaka, ya cika masa, ya ƙara da baitoci waɗanda kowannensu haka yake. A ta 17 kuwa wasiƙa ce mai kalma 200, a karanta ta gaba nasiha ce, a karanta kalmomin da baya wata nasiha ce dabam. Ƙaramin misalin wannan yana cikin sunayen mim da nun da wau, kowanne in an rubuta shi cikakke farkonsa da ƙarshensa ɗaya ne. A Hausa kuma, a rubuta tafi da ajami a juya haruffan da wasullansu, sai ga fita. Mahaddata su duba aya ta 33 ta Suratul Anbiya da aya ta 3 ta Suratul Muddassir, a kowace akwai haruffa bakwai a jere masu karantuwa gaba da baya.

Sai kalma mai fuska biyu. A maƙama ta 32 wani saurayi ya yi wa Abu Zaid tambayoyin fiƙihu ɗari, kowace amsa in an ji ta sai a ce ɓata ce, sai an san ɓoyayyar ma'anar kalmar a ga daidai take. Ta fari a kan mai alwala ne da ya shafi bayan na'alinsa, aka ce alwala ta warware. Mai ji zai zaci takalmi, alhali a tsohuwar lugga ana kiran matar mutum da wannan suna. Kamar a tambayi Bahaushe ne ko ya halatta a sayar da gari da mudu. A ta 15 kuwa matsalar gado ce: mutum ya rasu ya bar ɗan'uwa shaƙiƙi, musulmi, ɗa, ba abin da ke hana shi gado, ya bar mata, matar tana da ɗan'uwa. Matar ta ɗauki rabonta, ɗan'uwanta ya kwashe saura, shaƙiƙin mamaci bai sami kome ba. Mai karatu ya dakata ya gwada kafin ya ci gaba. Warwarar ita ce, mamacin yana da ɗa daga wata mace dabam, ɗan ya auri uwar matar ubansa, ta haifa masa namiji, sa'an nan ya riga ubansa rasuwa. Yaron nan ɗan'uwan matar ne ta wajen uwa, kuma jikan mamaci ne ta wajen ɗa namiji. Matar ta sami tumuni, jika ya ɗauki saura, ya tare wa shaƙiƙi hanya.

Malaman allo kuwa, tasu ita ce ta 46. A cikinta Harisu ya tarar da Abu Zaid ya tsufa ya zama malamin yara a garin Himsa, da almajirai goma a gabansa. Ya riƙa kiransu ɗaya ɗaya. Wannan ya rubuta baitoci marasa ɗigo, wancan masu ɗigo duka, wani ya kawo kalmomin da surarsu ɗaya sai ɗigo ya raba su, wani ya jero kalmomin da ake rubutawa da sin, wani na sodi, wani waɗanda suka karɓi duka biyu, na ƙarshe ya tara kalmomin zadi cikin waƙa don kada a rikita su da lodi. Duk wanda ya taɓa gyara allon yaro ya san nan ne ƙafa ke zamewa. A nan manufar Hariri ta fito fili: yaron da aka sa ya farauto kalma marar ɗigo, dole ya dubi kowane harafi da idon basira, ya tono kalmomi goma kafin ya sami ɗaya, tara ɗin da ya yar kuwa sun zauna masa a ka. Haka littafin ya zama rumbun lugga, aka adana dubban kalmomi da karin magana a cikin labaru masu sa dariya, waɗanda da a jere aka ba ɗalibi su da ya gaji ya bari.

Amma Hariri ya san wuƙar da ke fiƙe alƙalami tana yanka hannu, bai kuwa ɓoye wa mai karatu wannan ba. Limamin nan da ya sa mutanen Samarƙandu kuka da huɗuba marar ɗigo, da dare ya yi sai Harisu ya ga ya fito da tulunan giya. A maƙama ta 3 an ba shi dinari don ya yabi dinari, ya yabe shi har sama, aka nuna masa na biyu aka ce ya zage shi, nan take ya zage shi ya karɓe duka biyu. Wadda ta fi kamata fatake su riƙe ita ce ta 29. A masaukin baƙi na garin Wasiɗ ya shirya ɗaurin aure, ya tara mutanen masaukin, ya yi huɗubar aure marar ɗigo, kowa ya saki baki. Sa'an nan ya fito da alewa wadda ya zuba wa banju, suka ci suka zube, ya bi ɗakuna ya zaɓi mai tsada marar nauyi ya gudu. Ɗan kasuwar da aka taɓa rabawa da jarinsa da daɗin baki da ƙirgen carbi ya san Abu Zaid bai mutu ba.

Saboda haka tun a gabatarwa ya nuna damuwarsa. Ya san za a ce ƙarya ya rubuta, tun da Harisu da tafiye-tafiyensa ƙagagge ne. Ya kare kansa da cewa ba wanda ya taɓa ɗora wa masu labarun dabbobi zunubi, tun da don koyarwa aka yi su, kuma ayyuka da niyya suke. Duk da haka bai nemi lada ba, burinsa ya fita ba a bin sa, ba ya bin kowa. A maƙama ta 50 ya kawo Abu Zaid babban masallacin Basra, ya tsayar da shi gaban jama'a, wannan karo addu'ar shiriya ya roƙa. Daga baya Harisu ya same shi a Saruj ya sa tufafin masu zuhudu, yana raya dare da salla da kuka. Shi kansa Hariri ya rufe littafin da neman gafara ga abin da ya shiga ciki na wasa da wargi.

Ban da Maƙama ya bar Mulhatul I'irabi, waƙar nahawu mai baiti kusan 380 don masu farawa, da Durratul Gawwas, inda ya tara kurakuran harshe fiye da 200 waɗanda manyan masu ilmi ke yi, da wasiƙu biyu, ɗaya kowace kalma da sin a cikinta, ɗaya kowace kalma da shin. Mai gyaran kuskuren wasu shi ma bai tsira ba, domin Ibnul Hashshab na Bagadaza ya bi Maƙama ya fitar da abin da yake ganin kuskure ne, Ibn Barri na Masar ya tashi ya kare shi. Ya rasu a Basra ran 6 ga Rajab, 516 (1122), yana da shekara saba'in. Ɗaya daga 'ya'yansa ya zama alƙalin garin.

Tun yana da rai ɗalibai suka kai littafin Andalus, inda daga baya Sharishi, wanda ya rasu cikin 619 (1222), ya yi masa sharhin da malamai ke dogara da shi. Cikin 1237 wani gwanin zane, Alwasiɗi, ya yi kofe mai hotuna wanda yanzu yake birnin Paris, a can kuma aka buga littafin da injin ɗab'i cikin 1822. Ta hanyar fatake da alhazai ya ƙetaro Sahara, aka karanta shi a Tambutu, ya iso ƙasar Hausa. Malam Abdullahi na Gwandu ya lissafa Mulha cikin littattafan nahawun da ya karanta wajen wansa Shehu Usmanu.

Da littafin ya iso, ya tarar da mutane masu son irin wannan, masu kacici-kacici da zaurance da karin magana. Ishiriniyar Alfazazi da ake rerawa a watan Mauludi bisa haruffa aka jera ta, kowane harafi da baiti ashirin. Marubuta waƙoƙin ajami suna ɓoye shekarar da suka gama cikin kalma ɗaya ta ramzi, a hisabin mutanen Magrib inda shin ke tsayawa dubu, ra ɗari biyu. Cikin 1822, sa'ad da Gobirawa da Abzinawa suka taso wa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar wa ƙanwarsa Nana Asma'u waƙar da farkon baitocinta ke bin haruffan aya ta 5 ta surar Alam Nashraha, ita kuma ta mayar masa da Fulatanci, baiti goma sha huɗu, harafi harafi. A ranar tsoro, da wasan haruffa suka ƙarfafa wa juna zuciya.

Don haka malamin da ya ga almajiransa sun gama wanke allo suna gasar juya kalmomi, kada ya yi gaggawar ɗaukar bulala. Ya zauna ya ba su wadda ta fi wuya, ya haɗa musu da labarin alewar Wasiɗ don su san inda daɗin baki ke kai wanda ba ya tsoron Allah. Allah ya jiƙan Shehu Hariri, ya karɓi uzurinsa, ya ba shi fiye da abin da ya roƙa. Amin.